Cyrix-ct 120A na Victron: rilen haɗa batir biyu a jif

Masu jif da suka ɗora rediyon oba-oba da fitilun LED a kan rufi, irin masu kwana a wajen Yankari ko masu bin hanyar Bauchi zuwa Ningi da dare, duk kukansu ɗaya ne. A kashe inji a bar fitila da rediyo a kunne, gari na wayewa a murɗa makulli kik ya ƙi motsi. Maganin abin shi ne batir na biyu, kuma Cyrix-ct, ɗan rile (makunnin da ke haɗa wuta ya kuma yanke ta da kansa) na kamfanin Victron na ƙasar Holan, shi ke tsayawa tsakanin batiran biyu.

Idan inji ya tashi wuta ta haura volt 13, sai ya haɗe su altaneta ta caja duka. Idan aka kashe inji wuta ta sauko ƙasa da 12.8, sai ya raba su, kayan ƙari su sha daga na biyu kawai. Inda ya fi rilen kasuwa marar suna shi ne ba ya gaggawa, yana ɗan jinkiri kafin ya haɗa ko ya raba, don haka babu wannan ƙas-ƙas ɗin da ke ƙona bakin rile. Idan ya yi zafi fiye da kima yakan yanke da kansa har ya huce, abin da ke da amfani ƙwarai a watan Maris da Afrilu da zafin Bauchi kan kai wajen digiri 40. Akwai kuma inda ake sa masa maɓalli, ranar da batirin mota ya mutu a danna, na biyu ya tallafa na daƙiƙa 30.

Sai dai komai kyan rile, waya ce ke ɗaukar nauyin aikin, kuma nan ne masu wayarin da yawa ke ɓata shi. A ce batir na biyu yana but, waya mita biyar zuwa, biyar dawowa. In aka sa mai kauri 6mm², a amfiya 30 ana asarar kusan volt 0.9 a hanya, batirin baya ba zai taɓa cika ba, wata kaɗan a ce jabu ne. Mai 16mm² asararta kamar 0.3 ce, 25mm² ta fi. A kankare bakin wayar da wuƙa tun a shago. In ciki ya fito fari, alminiyam ne aka yi wa rufin jan ƙarfe, a ajiye musu kayansu.

Fis biyu ake sawa, ba ɗaya ba: ɗaya kusa da kan kowane batir, tazarar da ba ta wuce taƙi ɗaya ba. Dalili kuwa, in wayar ta goge ta taɓa ƙarfen mota, daga ɓangarorin biyu wuta za ta kwararo. Ga 16mm² fis mai amfiya 80 ya isa. Duk inda waya za ta ratsa ƙarfe a sa mata zoben roba, don gargadar hanya kaɗai ta isa ta yanka bawonta.

A lissafa abin da za a sha. Fitila mai wat 120 tana jan amfiya 10, rediyo mai wat 50 yana jan kusan haka lokacin magana, amma kaɗan ƙwarai lokacin saurare. Batirin AGM (rufaffen batir da ruwansa ba ya zuba) mai 100Ah rabinsa kawai ya kamata a taɓa, wato awa biyar ke nan na fitilar. Kada a sa batirin ruwa a but ko inda mutane ke zama, yana fitar da iska mai kama wuta. Rediyo kuma a ja masa wayarsa daban daga batir, nesa da ta fitila, domin LED mai araha na cika shi da shuuu.

Iyakar rilen a fili take. Sababbin motoci masu altanetar da kwamfuta ke sarrafawa sukan sauke wuta ƙasa da volt 12.8 ana cikin tafiya, sai rilen ya raba batiran, na baya ya zauna da yunwa. Su da masu batirin lithium, cajar DC-DC ce tasu, wato na'urar da ke daidaita wutar altaneta kafin ta shiga batir na biyu. Kafin a saya, a tayar da mota, a bari ta yi zafi, a ɗora mitar auna volt a kan batir. In ta tsaya tsakanin 13.8 da 14.4 ba ta sauka, kamar yadda tsofaffin Prado da Land Cruiser ke yi, wannan rilen ya cancanci kuɗinsa.