Marsa Alam ko Hurgada: Wanne Ya Fi Dacewa da Hutun Bakin Teku da Nutso?

Ɗan'uwa, ka tambaya wanne za ka zaɓa tsakanin Marsa Alam da Hurgada, ganin cewa mako guda za ka yi tare da iyali kuma kana son koyon nutso. Dukansu suna gaɓar Bahar Maliya a Masar, da tazarar kimanin kilomita 270 a tsakaninsu, kuma dukansu ƙauyukan masunta ne tun asali. Hurgada ta fara bunƙasa tun shekarun 1980, ita ce kuma hedikwatar lardin Bahar Maliya, amma Marsa Alam ba ta shiga bakin matafiya sosai ba sai bayan buɗe filin jirginta a 2001.

Idan teku ne ya kai ka, Marsa Alam ta fi, kuma ban faɗi haka da shakka ba. A Hurgada yawancin wuraren nutso masu kyau, irin su kewayen tsibiran Giftun, sai an hau kwalekwale an yi tafiya kafin a isa, sau da yawa kuma a tarar da wasu jiragen sun riga sun yi layi. A Marsa Alam kuwa murjani yana farawa ne daga bakin gaɓa. Za ka taka gadar katako daga masaukinka, ka sauka ta tsani, ka sa fuska cikin ruwa, sai ga bangon murjani ya gangara ƙasa, ƙananan kifaye jajaye suna yawo a jikinsa kamar an watsa su. A Abu Dabbab, wani lungun teku mai yashi da ciyawar ruwa, manyan kunkurayen teku suna kiwo a hankali, su taso su shaƙi iska su koma, ba su damu da mutum ba muddin bai taɓa su ba. A wannan yankin ake dacewa da dugon, ɗan'uwan ayu, sai dai ganinsa rabo ne, kada wani ya yi maka alkawarinsa. Akwai kuma Sha'ab Samadai inda garken dolfin ke hutawa da rana, kuma an raba wurin kashi-kashi, har da ɓangaren da aka hana kowa shiga domin kada a takura musu, tsarin da nake ganin ya cancanci yabo.

Elphinstone, wurin da ya fi ko'ina suna a can saboda kifayen shak da zurfin bangonsa, ba na sabon shiga ba ne, domin ruwansa yana ja da ƙarfi. Takardar shaidar nutso ta farko, wadda ake samu cikin kwana 3 zuwa 4, iyakarta zurfin mita 18. Ta wannan fuska Hurgada ba ta da laifi ko kaɗan, makarantun nutso sun fi yawa, kuma gasar da ke tsakaninsu takan sauƙaƙa kuɗi. Ta kuma fi kusa da Abu Nuhas, inda jiragen da suka nutse suke kwance, kamar Carnatic na 1869 da Giannis D na 1983.

Batun iyali shi ne inda ya kamata ka tsaya ka yi tunani. Murjanin da ya sa Marsa Alam ta yi fice shi ne ke hana yara wasa a ruwa a masaukai da dama, domin dutse ne mai kaifi, kuma ranar da iska ta taso akan rufe gadar, a kafa jar tuta. Saboda haka kafin ka biya, ka tambaya ko masaukin yana da lungu mai yashi da ake shiga da ƙafa. Masaukan a warwatse suke, hamada a baya, teku a gaba, shi kansa filin jirgin ya fi kilomita 60 daga garin, don haka in ban da Port Ghalib, wani wurin shaƙatawa a bakin teku kusa da filin jirgin, babu inda za a fita yawon yamma. Hurgada gari ne cikakke, da kasuwar Dahar, da shaguna, da babban masallacin Al-Mina a kusa da tashar jiragen ruwa, sai dai akwai hayaniya da masu talla da ba sa gajiya.

A wurina, idan yaranka sun iya iyo kuma iyalinka ba sa ƙin shiru, ka tafi Marsa Alam, ka ware rana guda domin gandun Wadi el-Gemal da farin yashin Sharm el-Luli a kudu. Idan ƙanana ne, Hurgada za ta fi yi muku sauƙi. Duk inda ka zaɓa, ka gama nutsonka na ƙarshe da kimanin awa 24 kafin hawa jirgin sama, domin iskar naitirojin da ta taru a jiki tana buƙatar lokaci kafin ta fita.