Matuƙin Jirgin Kaya da na Fasinja: Wa Ya Fi Shan Wuya?

Matuƙin da ke tashi da fasinjoji daga filin jirgin Nnamdi Azikiwe na Abuja yana fama da jinkiri da ƙorafin matafiya, amma galibi da rana yake aiki. Na jirgin kaya kuwa dare ne ranarsa, barcinsa ba ya da tsari, kuma sau da yawa jirgin da yake tuƙawa tsohon jirgin fasinja ne da aka gyara ya koma na kaya. A ganina wahalarsa ta fi, domin kayan kansu haɗari ne: gobarar batiran litiyam ta kayar da jirgin kamfanin jigilar kaya na UPS a Dubai a 2010, sannan a 2013 kayan da suka zame baya a cikin wani jirgin suka kayar da shi, suka hallaka mutum bakwai a Bagram ta ƙasar Afghanistan.