Man gyaɗa, manja ko man shanu: wanne mai ɗaga ƙarfe zai saya?

Wani ƙanena da muke ɗaga ƙarfe tare nan Birnin Kebbi ya zo yana min ƙorafi, wai wata huɗu yana fama, sikeli ya hau amma damtse na nan jiya-i-yau, tumbi ne kawai ke ta turo riga. Da na bi diddigi ashe kullum da dare sai ya malala man shanu cokali uku kan tuwon shinkafa don an ce masa shi ka sa ƙwanji. Wallahi ya ban tausayi, yaro na ƙoƙari kuma kuɗinsa na tafiya a banza.

Mai dai ko wane iri ne giram 1 kalori 9 ne, furotin da sitaci kuwa 4 ne kowanne, babban cokali ɗaya na mai ya kai kalori 120, kun ga cokali ukun nan nasa 360 kenan ban da wanda aka zuba a miya. Tsoka kuma furotin ke gina ta da motsa jiki da isasshen barci, babu man da zai yi maka wannan aikin. Amma irin man da kake ci yana da ta cewa kan inda rarar abinci ke zuwa a jiki. A jami'ar Uppsala ta ƙasar Suwidin an yi wani gwaji da aka buga a 2014, matasa 39 aka riƙa ba kek har sati 7 don su ƙara nauyi, wasu an yi nasu da tataccen manja wasu da man sanfulawa. Duka sun ƙara kusan kilo 1.6, amma 'yan manjan kitse ya fi taruwa musu a hanta da cikin ciki, ɗaya ɓangaren kuwa naman jiki marar kitse da suka ƙara ya kusa ninki uku na wancan. Gwaji ne ƙarami, amma ni ya ishe ni in san me zan ɗauka a kasuwa.

Man gyaɗa na gaske shi ne zaɓina na kullum, kitse mai daskarewa da ke cikinsa, wato irin kitsen da ba a so ya yi yawa a abinci, bai wuce kashi 20 cikin 100 ba. Sai dai a nan ake yi mana sakiyar da ba ruwa, mu duk man da ya zo fari a galan man gyaɗa muke ce masa, alhali da yawansu in ka juya galan ɗin ka karanta za ka ga an rubuta palm olein, wato manja ne aka tace aka cire masa ja. Shi ne wanda ke barci da sanyin hunturu. Ni wurin wata baba mai ƙuli nake saye, tana ɗura min a gorar ruwa, kafin ka buɗe murfi ƙamshin soyayyar gyaɗa ya riga ya bugi hancinka, in haɗa da ƙuli-ƙuli na ɗari biyu wanda shi ma furotin ne cike. Ka dai tabbatar ba da gyaɗa mai fumfuna take yi ba. In ba ka samu ba man waken suya ko na riɗi duk sun yi.

Manja kusan rabinsa mai daskarewa ne, amma jan nan nasa jiki na juya shi zuwa bitamin A, don haka ban ce a kore shi daga miyar kuka ba, a auna da cokali kawai kar a tuttula daga kwalba. Wanda ya yi ja wur fiye da ƙima ka bar musu abinsu, akwai masu zuba rini.

Man shanu kuwa kitse mai daskarewa da ke cikinsa ya haura kashi 60 cikin 100. Hukumar lafiya ta duniya cewa ta yi irin wannan kitsen kar ya kai kashi 10 na kalorin da mutum ke ci a yini, ƙaramin cokali don ƙamshi ya wadatar. Man da aka soya ƙosai aka maimaita har ya yi baƙi kuwa ko kyauta ne kar ka karɓa.

Kuɗin da ka rage ka kai wa mai kifi, ga shi Allah ya hore mana shi daga Yawuri har Argungu. Tarwaɗa da karfasa furotin ne mai kyau, amma in omega-3 kake nema, wato wani irin mai mai amfani ga jiki da ake samu a kifi, kifin ƙanƙara irin su titus da sadin sun fi su nesa ba kusa ba, sau biyu a sati ya isa, a gasa ko a jefa a miya maimakon a nutsa shi a kaskon suya. Ƙanen nawa yanzu kwalbar man shanunsa na wurin Inna, ita ke ɗiba masa da ƙaramin cokali ran Juma'a.