Kulob ɗin futi na yaran unguwarmu a Melbourne: ya cancanci kuɗin da wahalar?

Iyaye da dama cikin 'yan uwanmu da ke nan Melbourne suna ta tambayata ko su saka yaransu a futi, wato ƙwallon ƙafa irin ta Ostireliya, ko su bar su a ƙwallon ƙafar da muka sani, shi ya sa na ce bari in rubuta sau ɗaya kowa ya karanta in huta da amsa waya. Kulob ɗin da nake magana a kai na yara ne, a yammacin gari yake, ɗana da 'yata duk can suke. Ba zan faɗi sunansa ba don akwai ƙorafi a cikin maganata kuma gobe ma da mutanen zan haɗu. Amsata a taƙaice: ku saka su, amma ku sani ba yaron kaɗai kuka yi wa rajista ba, har da ku.

Ga wanda bai taɓa ganin wasan ba, ƙwallon kamar ƙwai take, filin ma haka, don asalinsa filin kurket ne ake aro idan sanyi ya shigo. Sanduna huɗu ne a kowane gefe, ka buga ta bi tsakanin dogayen biyu na tsakiya maki 6, ta bi gefe maki 1. Ana riƙe ta da hannu a gudu amma sai ka buga ta a ƙasa duk mita 15, ba a jefa wa ɗan uwa sai dai a naushe ta, in kuma ka cafe ƙwallon da aka bugo daga nesa kafin ta taɓa ƙasa to an ba ka damar bugu ba mai taɓa ka. Manya 18 18 suke yi. Tun 1859 aka rubuta dokokinsa a garin nan, don haka kada ka yi mamaki in abokin aikinka ya tambaye ka wace ƙungiya kake goyon baya tun kafin ya tambayi sunan ƙasarku.

Ƙananan yara suna farawa ne da Auskick, daga shekara 5, wannan wasa ne kawai da guje-guje, ba gasa. Daga nan sai a shiga tim na 'yan ƙasa da 8, ƙasa da 10, haka dai. Abin da ya fara burge ni shi ne a ƙananan ajin ba a rubuta ci, ba teburin gasa, kuma koci yana juya yara kowa ya buga gaba ya buga baya. Yaran dai suna lissafinsu a ka, kada ma ka yaudari kanka, kafin mu kai mota an gaya min da nawa aka cinye su.

Kuɗin rajista 'yan ɗaruruwan dala ne a sizin, kuma ba shi kenan ba, akwai takalmi, gajeren wando da safa masu kalar kulob, da robar kare haƙori wadda ba a barin yaro ya shiga fili sai da ita. Riga aro ce, a ƙarshen sizin a mayar. Masu katin rangwame na gwamnati su duba shirin Get Active Kids na jihar Victoria, ana taimakawa da har dala 200 ga yaro. Sannan akwai wani kwali a ɗakin kulob cike da takalman da suka yi wa wasu yara kaɗan, ka ɗauka ba mai kallonka, in na ɗanka ya matse ka ajiye. Wannan kwalin kaɗai ya sa na ji mutanen sun san abin da ake ciki.

To yanzu ga inda maganar take. Kulob ɗin nan kusan ba mai albashi a cikinsa, koci baban wani yaro ne, manajan tim maman wata ce, kuma tun satin farko za a turo maka jadawalin aiki, ba tambayarka ake ba. Yau kai ne mai riƙe agogo da busa jiniya, wani satin kai ne mai kai ruwa, wani satin a sa maka farar riga a ba ka tutoci biyu ka tsaya bayan sanduna kana alƙalancin ci, wani satin kuma kai za ka yanko lemu ka kawo wa yara su sha a hutun rabin lokaci, ko ka kwashi riguna masu taɓo ka kai gida wanki. Wasu ayyukan sai ka yi takardar izinin aiki da yara, ta 'yan sa kai kyauta ce. Da farko haushi na ji wallahi, na biya kuɗi kuma a sa ni aiki? Amma ku duba, a ƙasar nan mutum zai shekara a layi ɗaya da maƙwabcinsa iyakarsu ɗaga hannu daga cikin mota, kowa ya danna rimot gareji ya rufe. Ba wanda zai leƙo ya ce ina kwana, yaya aka ji da sanyi. Jadawalin nan ne ya tilasta min tsayuwa kusa da mutane awa biyu muna juya tsiran nama a kan gashi, ɗan Indiya, ɗan Sudan ta Kudu, ɗan Lebanon da Bature mai gyaran famfo, dole a yi hira. Yanzu in aiki ya riƙe ni akwai gidaje uku huɗu da za su ɗauko min yara daga tirenin, wanda ya gyara mana wutar kicin ma a can na same shi. Jami'ar La Trobe ta yi bincike a 2015 ta ce duk dala 1 da aka kashe a irin wannan kulob tana dawo wa al'umma da amfanin da ya kai dala 4.40. Ni dai ban san yadda ake auna zumunci da dala ba, amma na yarda da su.

Yaran ma sun canza. Ɗana da yake nan shiru-shiru, yanzu in sun ci wasa shi ne a tsakiyar da'ira ana rungume da juna ana rera waƙar kulob da ƙarfi har murya ta dishe. 'Yata kuwa tun da aka fara gasar mata ta AFLW a 2017 ƙofa ta buɗe musu, tim ɗinsu na 'yan mata ya cika, kuma ba wanda ya ce uffan da ta saka dogon wando a ƙarƙashin gajeren. Yana kuma taimakawa da yaro ya kunna talabijin ya ga masu kama da shi, irin su Aliir Aliir da aka haifa a sansanin 'yan gudun hijira na Kakuma a Kenya, ko a da, kafin su yi ritaya, Majak Daw da Bachar Houli, Musulmin da ya ci kofi sau uku da ƙungiyar Richmond.

Ƙorafi kuwa akwai. Na farko kantin abincin kulob. Yankin da Musulmi suka yi yawa haka amma sai da aka yi ta magana a taron kwamiti kafin aka fara sayo naman halal, kuma har yanzu wani lokacin mai gashi ya manta ya haɗa komai a faranti ɗaya, sai dai yara su ci dankali. Taron tara kuɗi na dare kusan duk da giya ake yi, mu kan ba da gudummawa mu zauna a gida, ina ma za su riƙa yin wani da rana na iyali. Na biyu wasu iyayen, kai jama'a! Rafalin nan fa yaro ne ɗan sakandare da ya zo neman kuɗin kashewa, amma ka ga ƙato da gemu yana masa ihu kamar wasan ƙarshe ake a MCG, babban filin wasan Melbourne. Kwamiti na gargaɗi amma da sanyin murya.

Sai sanyi. Sizin daga Afrilu ne zuwa wajen Agusta, tsakiyar hunturunsu kenan, wasa ranar Lahadi wani lokacin tun da sassafe ciyawa duk raɓa, tirenin kuma da yamma a ƙarƙashin fitila don kafin ƙarfe shida duhu ya yi. Ruwan sama ba ya hana wasa. Wajen fakin ya yi kaɗan, gurup ɗin WhatsApp kuma in ka bar shi awa ɗaya sai ka tarar da saƙo kamar an yi gobara, ashe wani ne ya manta kwalbar ruwa.

Maganar rauni da iyaye mata suka fi damuwa da ita: eh, wasan akwai karo, amma ƙanana ba a barin su kayar da juna, a hankali ake koya musu, kuma duk yaron da ya bugu a kai aka ga alamar jijjigar ƙwaƙwalwa sai ya yi aƙalla kwana 21 bai buga wasa ba, doka ce tun 2024, kuma na ga an bi ta a kan yaron da ya fi kowa iya wasa a tim ɗin, babansa na ta ƙunƙuni.

Na ba su tauraro huɗu cikin biyar, ɗayan na riƙe saboda kantin da masu ihu. In za ku gwada ku fara da Auskick, ya fi araha kuma ba ɗaure kai, rajistar tim kuma ana buɗe ta tun farkon shekara, kada ku jira Afrilu don wasu ajin suna cika. Ku sayi rigar sanyi mai kauri da kujerar ninkewa.