Cefane a Landan, ga masu tambayar me muke ci

Salamu alaikum mutanen gida, masu ta tambaya ta wai tuwo ma muna samu a Ingila kuwa, to muna samu, sai dai fa sai mutum ya san lungun da zai shiga.

Manyan kantuna irin su Aldi da Lidl da Tesco nan ake sayen madara, ƙwai, burodi, dankalin turawa, taliya da man girki, kuma gaskiya waɗannan suna da sauƙi in ka dubi abin da mutane ke samu. Ba ciniki ba gyara, kuɗin da aka liƙa shi za ka biya, leda ma sai ka saya, wani wurin ma ba mai karɓar kuɗi, kai da na'ura ne. Ranar Lahadi awa 6 kawai doka ta ba manyan kantuna su buɗe, in ka yi sanya sai ka tarar sun rufe tun da yamma. Tumatirinsu kuwa kyan ido ne kawai, ruwa zalla, shi ya sa kusan kowa ya koma na gwangwani.

Amma cefanen miya na gaske unguwar Peckham da ke kudancin Landan ake zuwa, kan titin Rye Lane. Can ne za ka ga doya, manja, kuɓewa ɗanya, busasshen kifi, attaruhu mai zafin gaske, ga mahauta 'yan Pakistan da Afghanistan masu naman halal, har kan rago da ƙafar saniya da kayan ciki, su yanka maka yadda kake so. Kazar babban kanti minti kaɗan ta farfashe a tukunya ba wani ɗanɗano, sai ka ce a ba ka mai tauri, ita ce ta ɗan yi kusa da kazar Hausa.

Abin da ya fi faranta min rai shagon Indiyawa, wallahi sun rufa mana asiri. Garin gero na nan suna ce masa bajra, da shi nake kunu nake fura, tsamiya ma tasu ce a dunƙule cikin leda, ga kanumfari da citta da masoro. Nono kuma kefir, wata madara mai tsami ta shagon 'yan Poland, nake haɗawa da yogot, yana bada tsamin nan da ake so. Zoɓo wajen 'yan Jamaika. Tuwon shinkafa kuwa akwai wata gajerar shinkafa da turawa ke dafawa da madara da suga, ita nake sa wa ruwa sosai ta tuƙu luƙwi, ba ruwanki da doguwar nan ta basmati, ba ta haɗuwa.

Kuka ce matsala. Garin kuka da ake sayarwa da tsada a shagunan kayan gina jiki na 'ya'yan ne, farin nan na kwalba da nono, ba ganyen miya ba. Daddawa akwai ta Yarbawa amma ba ta kai ta Kano ƙamshi a hancina ba. Don haka duk mai tahowa don Allah kuka, busasshiyar kuɓewa, daddawa da yajin ƙuli, a ɗaure su da kyau a leda biyu. Kilishi da dambun nama da man shanu kuma kar a wahalar da kai, doka ta hana shigo da nama da kayan madara daga Najeriya, a filin jirgi za a karɓe.