Limbe ko Ekom-Nkam: amsa ga ɗan'uwan da ke da kwana ɗaya rak a Duwala

Salamu alaikum 'yan group. Alhajin da ya yi tambaya jiya da daddare, ya ce zai zo Duwala biki daga Kano shi da uwargida da yara biyu da kuma mahaifiyarsa, kwana ɗaya ne kawai ya rage musu bayan biki, kuma wani mai kai mutane yawon buɗe ido ya ce zai ɗauke su su kaɗai a mota ya kai su bakin teku mai baƙin yashi a Limbe sannan ya wuce da su magangarar ruwan Ekom-Nkam duk a yini guda, shin ya yarda? In kuma ɗaya za a zaɓa wanne? To Alhaji ga ni, na daɗe a garin nan kuma duka biyun na je ba sau ɗaya ba, bari in faɗa maka abin da na sani tsakani da Allah.

Maganar haɗa su a yini ɗaya dai ka ajiye ta gefe tun yanzu. In kun fito daga Duwala kun tsallake gadar Wouri kun sha go-slow ɗin Bonaberi, a Bekoko hanya ke rabuwa biyu, ɗaya ta yi yamma ta Tiko da Mutengene zuwa Limbe, ɗayar ta miƙe arewa ta Mbanga da Penja da Loum da Manjo zuwa Nkongsamba, kuma ita Ekom-Nkam ɗin sai an ma wuce Nkongsamba an nufi wajen Melong. Kenan wanda ya je Limbe sai ya dawo baya har Bekoko kafin ya kama ɗaya hanyar. Ni an taɓa yi min irin wannan alkawarin lokacin da wasu baƙi suka zo min, muka yarda, mun bar Limbe bayan azahar ko kifin kirki ba mu ci ba saboda sauri, muna isa ƙauyen Ekom rana ta yi ja, masu tsaron wurin suna shirin tashi, ruwan ma ƙararsa muka fi ji fiye da ganinsa, sannan muka yi tafiyar dare a hanyar da manyan motoci ke tsere a kanta. Har yau in na tuna fuskar baƙin nan raina yana ɓaci, mutane sun biya kuɗi sun wuni a kujerar mota. A nan rana wajen shida da rabi take faɗuwa kusan duk shekara, ba ta jiran kowa.

To sai kwatancin. Ta fuskar nisa Limbe ba ta da abokin gasa, kilomita saba'in da 'yan kai ce, in hanya ta yi kyau awa ɗaya da rabi zuwa biyu kun isa, kwalta ce har bakin ruwa. Ekom-Nkam kuwa ka ƙiyasta awa uku zuwa huɗu zuwa kawai, ƙarshenta kuma hanyar ƙasa ce da ke ratsa gonakin kofi da koko, in an yi ruwa ƙaramar mota sai ta yi ta santsi. Amma fa hanyar arewan tana da nata daɗin, wajen Njombe da Penja za ku ga gonakin ayaba iya ganinku, abarba da gwanda a bakin titi kamar a kyauta, kuma nan ne ake noman masoron Penja ɗin nan fari da ya yi suna har Turai, in uwargida mai son girki ce za ta so a tsaya ta saya.

Shi baƙin yashin ba wani abin sihiri ba ne. Limbe tana zaune ne a gindin Dutsen Kamaru, mai aman wuta, tsayinsa ya haura mita 4,000, babu wanda ya kai shi a duk wannan yanki namu. Narkakken dutsen da yake amayarwa in ya huce baƙi ƙirin yake zama, ruwan sama da igiyar teku su yi ta niƙa shi shekara da shekaru har ya koma rairayi. Ranar da na fara zuwa na ɗebi yashin a tafin hannu ina zaton zai bar min baƙi kamar gawayi, wallahi ko alama, na kaɗe hannu fes, kuma in rana ta haska shi za ka ga wasu 'yan ƙanana suna ƙyalli a ciki. Inda igiya ta janye sai wurin ya yi sheƙi kamar an shafa mai, farin kumfa a kan baƙin ƙasa, ga dutsen a bayanka gajimare ya rufe masa kai. Sai dai ka sani baƙi yana riƙe zafi, da tsakar rana yashin nan yana ƙona tafin ƙafa sosai, kar yara su cire silifas sai sun kai inda ya jiƙe.

Kuma Limbe ba wuri ɗaya ba ne, wannan shi ne abin da yawancin masu talla ba sa bayani. Down Beach da ke cikin gari wurin masunta ne da cin gasasshen kifi, ba wurin shiga ruwa ba, nan za ka zaɓi kifinka da hannunka a gasa maka a kawo da soyayyar ayaba ko miyondo, wato rogon da ake naɗewa a ganye, ga yaji mai tada kai. Wuraren da ake wanka suna gaba a kan hanyar Idenau, irin su Mile 6 da Seme, kuma a Seme akwai ruwan daɗi mai sanyi ƙarara da ke fitowa daga gindin dutsen yana gangarawa teku, yara sun fi samun natsuwa a nan. A kan wannan hanyar dai wajen Bakingili za ku ga inda aman wutar 1999 ya gangaro ya cinye gonakin kwakwar manja ya datse titi ya tsaya daf da teku, har yanzu tulin baƙin dutsen yana nan titi ya zagaye shi, ana hawa kai. Ni a ganina wannan wurin kaɗai ya isa a je dominsa, mutum yana tsaye a kai zai san ikon Allah ba wasa ba ne. Cikin gari kuma ga lambun itatuwa da Jamusawa suka kafa a 1892, ga gidan da ake kula da gwaggon biri da sauran biran da aka ƙwato daga hannun mafarauta, kusa da juna suke. Garin ma Victoria ake ce masa tun kafa shi a 1858, sai 1982 aka mayar da shi Limbe. Ran da sama ta washe har tsibirin Bioko na Ikwatoriyal Gini ana hangowa.

Ekom-Nkam ita kuma abu ɗaya ne tak, amma abu ɗayan nan ba ƙarami ba ne. Kogin Nkam ne ke faɗowa daga tsayin kusan mita 80 cikin wani kwazazzabo da kurmi ya kewaye. Tun kafin ka gan shi za ka ji rugugi a ƙirjinka. Daga sama akwai inda ake tsayawa a hango, sannan akwai matakala masu yawa da ke sauka ƙasa, kana sauka feshin ruwan yana ƙaruwa har sai ka ji rigarka ta manne a jiki ba tare da an yi ruwan sama ba, magana ma sai da ɗaga murya. Mutanen wurin suna kiran ɓangare ɗaya namiji ɗayan mace, namijin ba ya yankewa duk shekara, macen sai da damina take cika. Gaskiya in don abin da zai girgiza zuciya ne, Ekom ta fi. Na kai wani ƙanena da bai taɓa barin Maraɗi ba sai wannan zuwan, ya tsaya riƙe da ƙarfen matakala ya kasa cewa komai sai subhanallah yake ta maimaitawa, ya ce shi bai san akwai ruwa mai yawa haka da ke zuba a banza dare da rana ba.

To amma Alhaji kai da Hajiya mahaifiyarka za ka tafi, Allah Ya ƙara mata lafiya. Matakalan nan kullum a jiƙe suke, akwai gansakuka, saukar ba ita ce matsala ba, hawowar ce, ni da ƙarfina sai na huta a hanya. In tana fama da gwiwa ko hawan jini to iyakarta sama, ta sha awa bakwai ko takwas a mota zuwa da dawowa don ta tsaya minti talatin ta hango. Yara kuma dole a riƙe hannunsu ƙam, kuma ba wurin wanka ba ne sam. A Limbe kuwa mota za ta sauke ta kusa da inuwa, a shimfiɗa mata darduma tana kallon jikokinta, in lokacin salla ya yi akwai masallaci cikin gari, ga 'yan'uwanmu masu suya da masu shago ba za ku rasa wanda za ku yi Hausa da shi ba. Harshe ma wani abu ne, Limbe Turanci da broka ake yi, kai da ka fito Najeriya za ka yi cinikinka da bakinka, ɓangaren Nkongsamba kuwa Faransanci ne, komai sai ta bakin ɗan rakiya.

Inda Ekom ta fi Limbe kwanciyar hankali shi ne tsaro, kuma ba zan ɓoye maka ba. Limbe tana yankin Kudu maso Yamma ne, ɗaya daga cikin yankuna biyu masu Turancin Ingilishi da rikici ya ɓarke a cikinsu tun ƙarshen 2016. Ita Limbe kanta tana cikin garuruwan da suka fi zaman lafiya a yankin, mutanen Duwala suna zuwa hutun ƙarshen mako, amma da zarar kun tsallake gadar Mungo za ku ga shingayen jami'an tsaro sun ƙaru. Ranar Litinin kar ku je, ita ce ranar zaman gida da 'yan aware suka ƙaƙaba, haka kwanakin da ke kewaye da 11 ga Fabrairu da 20 ga Mayu da 1 ga Oktoba. Ku fita da sassafe ku baro kafin la'asar sakaliya, kar ku wuce Bakingili, kuma a daren da za ku tafi a kira wani mazaunin can a ji yadda gari ya kwana. Ekom tana yankin Littoral, babu wannan damuwar, nata haɗarin na titi ne. Ko ina kuka nufa kowa ya riƙe fasfonsa da katin allurar shawara, jandarmomi suna tambaya.

Lokacin shekara ma yana canja lissafin. Daga Yuni zuwa Oktoba ruwan da ake yi a gefen Limbe ba irin wanda kuka sani ba ne, Debundscha da ke gaba kaɗan tana samun kusan milimita 10,000 a shekara, tana cikin wuraren da suka fi ko'ina ruwan sama a duniya, ana iya wuni ana zuba ba ka ga dutsen ba ba ka ga rana ba. A lokacin ne kuma Ekom take cika ta batse amma hanyarta take lalacewa. Daga Disamba zuwa Fabrairu Limbe ta fi daɗi.

Batun ɗaukar ɗan rakiya ku kaɗai maimakon shiga ayarin wasu, a nan ina goyon bayanka ɗari bisa ɗari, ko da ya fi tsada. Ayari ba zai tsaya maka salla ba, kuma galibi inda ake kiɗa da shaye-shaye suke sauke mutane cin abinci, musamman Asabar da Lahadi da bakin ruwan ke cika da shigar da ba za ka so Hajiya da yara su zauna a tsakiyarta ba. Da motarka kai ke cewa a tsaya a tafi, ka ce a kai ku gefen da babu hayaniya. Sai dai ku yi magana ta ƙare tun a gida: kuɗin ya haɗa da mai da kuɗin shiga wurare da na tolget ko kuwa, shi ne direban ko akwai direba daban, motar tana da cikakkun takardu, kuma ka ga motar da idonka kafin ka ba da kafin alƙalami. Ka tambaye shi yaushe rabonsa da Limbe, in ya fara kame-kame nemi wani. Abinci ku tsaya kan kifi, naman da ake sayarwa a bakin hanya wani na daji ne, wani kuma ba yankan Musulmi ba ne. Teku kuma ko ta yi lumus tana da ja, yara iyakarsu idon sawu kuma babba na tsaye kusa.

Wani zai ce ai Kribi, garin bakin teku da ke kudu da Duwala, ta haɗa duka, teku da magangara wuri ɗaya. Haka ne, ruwan Lobe kai tsaye cikin teku yake zuba 'yan kilomitoci kudu da garin, yana da kyau ƙwarai kuma babu wahalar matakala, amma yashin can fari ne, tafiyar kuma ta Edea ta kai awa uku, in baƙin yashi ne ya ja hankalinka ba za ka same shi a can ba.

Don haka da wannan tawagar taka, ni Limbe zan kai su, ranar Talata zuwa Alhamis in da hali, a fara da Bakingili da safe kafin rana ta yi zafi, a je Seme yara su yi wasa, a yi azahar cikin gari a ci kifi a Down Beach, a leƙa birai in lokaci ya rage, a kama hanya. Ekom ka bar ta sai zuwan da za ka yi kai da abokai, ku kwana Nkongsamba ku sauka da sanyin safiya. Ka faɗo mana watan da bikin zai kama da ranar da ta rage muku, in Litinin ce sai mu sake shawara. Allah Ya kawo ku lafiya, a gaida Hajiya.