Sharhi Kan Gwajin SNIF-NMR Na Gano Algus Ɗin Sukari

Kamfanin Eurofins, wanda aka kafa a birnin Nantes na Faransa a 1987, ya fara kasuwancinsa ne da SNIF-NMR, gwajin da ke gano ko an ƙara sukari a abin sha, wanda Farfesa Gérard Martin da Maryvonne Martin suka ƙirƙiro a jami'ar birnin. Masu giyar inabi aka fara yi wa shi, domin wasunsu kan zuba sukari a ruwan inabi kafin ya tsima don ƙara wa giyar ƙarfi, abin da doka ta ƙayyade a wasu yankunan Turai, ta kuma hana a wasu. A 1990 ƙasashen Tarayyar Turai suka amince da shi a hukumance, daga baya aka faɗaɗa shi zuwa ruwan 'ya'yan itace.

Abin da ya sa na yarda da gwajin shi ne, asalin sukarin yake bincikawa, domin da zarar sukari ya rikiɗe ya zama etanol, wato sinadarin da ke sa giya ta bugar, ɗanɗano da awo na yau da kullum ba sa iya tona shi. Ana tace etanol ɗin, a saka shi cikin na'ura mai ƙarfin maganaɗisu, ita kuma ta auna yawan ditiriyom, wato haidirojin mai nauyi, a kowane gurbi na ƙwayar sinadarin. Kowace shuka da irin rabon da take bari: na sukarin bit, tushen da Turawa ke nomawa, yana ƙasa da na inabi, na rake kuma yana sama da shi. Sai a gwada sakamakon da bayanan ingantattun samfura na yankin da aka noma inabin da shekarar girbin.

Sai dai mai biyan kuɗin gwajin ya kamata ya san rauninsa. Mai ha'inci da ya haɗa sukarin bit da na rake daidai gwargwado yana iya sa awon ya faɗo kusa da na inabi, don haka ban ga amfanin neman wannan gwaji shi kaɗai ba tare da awon kabon-13, wato nau'in kabon mai nauyi, ba, wanda ke fallasa rake da masara. Aikin yana da tsada, yana kuma cin lokaci, musamman ga ruwan lemo da sai an tsimar da shi tukuna. Ya dace da manyan dillalai da hukumomin sa ido, amma ya fi ƙarfin ƙaramin ɗan kasuwa.